Mota ce ko direba? Tarihin gasar tseren ƙananan motoci samfuri ɗaya

Idan ka taɓa zama a tasha kana jiran mota ta cika, a Funtuwa ko Malumfashi ko Karfi, da wuya a ce ba ka taɓa jin wannan musu ba. Wani ya ce direba wane ba a kama shi a hanya, in ya tashi sai dai a ga ƙurarsa. Wani ya karɓe: "Kai rabu da shi, ai motarsa ce mai lafiya. A ba shi tawa mu gani." Haka ake yi a filin sukuwa ma, wasu su ce doki ne, wasu su ce mahayi ne. Musun ba ya ƙarewa, domin kowane ɓangare na da tasa gaskiyar.

To akwai hanyar raba wannan gardama, kuma kimanin shekara sittin ke nan da kamfanonin ƙera motoci suka mayar da ita wasa mai zaman kansa. A tara direbobi ashirin ko talatin, a ba kowa mota samfuri ɗaya, injin iri ɗaya, taya iri ɗaya, nauyi ɗaya, a sake su a fili ɗaya. Wanda ya zo na ɗaya ba shi da wanda zai ce masa motarsa ce. Abin da zai ba ka sha'awa shi ne, yawancin irin waɗannan gasanni ba da wasu motocin alfarma ake yin su ba. Da ƙananan motoci ake yi, 'yan uwan Golf ɗin nan da ke jigilar fasinja da buhunan masara a hanyoyinmu.

Wace irin mota ce?

Turawa na kiranta hacbak. Ƙaramar mota ce mai guntun baya, wadda but ɗinta ba a ware yake ba. Ƙofar bayanta na ɗagawa sama tare da gilashinta, in ka kwantar da kujerun baya sai ta koma 'yar ɗaukar kaya. Golf gajera, Polo, Peugeot 206, Starlet, Yaris, duk dangi ɗaya ne.

Kamfanin Renault na Faransa na cikin waɗanda suka fara yaɗa wannan siffa, da Renault 4 a 1961 da Renault 16 a 1965, sannan Renault 5 a 1972. Volkswagen na Jamus ya fito da Golf a 1974. Lokacin ya yi musu daidai, domin a 1973 farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a duniya, mutane suka fara neman mota marar shan mai. Galibin waɗannan motoci injinsu a gaba yake, kuma tayoyin gaba ne ke jan su. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abu uku ne suka sa suka dace da tsere: ba su da tsada, ba su da nauyi, kuma kayan gyaransu ko'ina akwai. Na huɗun kuma na kamfani ne. Saurayin da ya ga mota irin wadda zai iya saye tana cin kwana da gudu ranar Lahadi, ranar Litinin zai leƙa shagon dillali.

Gonar gwaji a kan kwalta

Kafin mu shiga tarihi, bari mu ga dalilin da ya sa wannan tsari ya shafi kimiyya. Manomin ƙasar Funtuwa da Malumfashi ya san gonar gwaji. Idan masu bincike na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, suna so su san wane irin masara ya fi bada yabanya, ba sa shuka ɗaya a fadama ɗaya a tudu, ko su ba ɗaya taki su hana ɗaya. Ƙasa ɗaya, taki ɗaya, ranar shuka ɗaya, tazara ɗaya. Iri kaɗai ake bari ya bambanta. Duk bambancin da aka gani ranar girbi, an san daga inda ya fito. Wani masanin lissafi ɗan Ingila, Ronald Fisher, shi ya tsara ƙa'idojin irin wannan gwaji a shekarun 1920, kuma a tashar binciken noma ta Rothamsted ya yi aikin.

Babbar gasar tseren motoci ta duniya, Formula 1, ba haka take ba. Kowace ƙungiya ita ke ƙera motarta, wadda ta fi kuɗi da injiniyoyi ita ke kan gaba. A 1988 motocin McLaren sun ci tsere 15 cikin 16. A 2023 na Red Bull sun ci 21 cikin 22. Direbobinsu gwanaye ne, ba musu, amma wa zai iya faɗa maka kaso nawa na hannu ne, kaso nawa na ƙarfe? Gasar samfuri ɗaya tana yi wa direbobi abin da gonar gwaji ke yi wa iri. A daidaita komai, a bar mutum kaɗai ya bambanta. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Faransa, 1966

Tushen abin a Faransa yake. A 1966 Renault ya buɗe gasa ta motarsa Renault 8 Gordini, wata 'yar shuɗiyar mota mai fararen layuka biyu. Ita ba mai guntun baya ba ce, injinta ma a baya yake, amma ita ta kafa tsarin da kowa ya bi: mota ɗaya da ake sayarwa a kasuwa, doka mai tsauri kan abin da za a iya canzawa, da kyauta ga wanda ya yi fice. Matasan da ba 'ya'yan masu kuɗi ba suka samu ƙofar shiga. Cikin waɗanda suka bi ta wannan ƙofa akwai Jean-Pierre Jabouille, wanda a 1979 ya ci wa Renault tserensa na farko a Formula 1, da Jean-Pierre Jarier, shi ma ya kai Formula 1.

A 1971 aka koma Renault 12 Gordini, sannan a 1975 aka koma Renault 5. Daga nan ne mota mai guntun baya ta karɓi fagen. Daga 1981 zuwa 1984 aka yi gasar Turai ta Renault 5 Turbo, wadda aka cire wa kujerun baya aka dasa injin a wurin, ana yin tserenta a gaban 'yan kallon Formula 1 kafin manyan su fito. Sai Renault 5 GT Turbo ta biyo baya, sannan a 1991 Clio ta gaje ta. Gasar Clio ta yaɗu zuwa ƙasashen Turai da dama, ta zama ɗaya daga cikin mafiya daɗewa a irinta.

Jamus da Ingila

Volkswagen bai tsaya kallo ba. A 1976 ya fara gasa da motarsa Scirocco, a 1977 ya koma Golf GTI. Wannan Golf ta farko ƙarfin doki 110 gare ta, nauyinta bai wuce kilo 810 da 'yan kai ba. Ka kwatanta da manyan motocin yau masu kilo 1,500 zuwa sama. Rashin nauyin nan shi ne sirrinta. Daga 1983 Polo ta karɓa, a 1998 aka koma ƙaramar Lupo, a 2004 aka dawo Polo. Daga 2010 zuwa 2014 kuma aka yi gasar sabuwar Scirocco, wadda ba fetur take sha ba, iskar gas ce da aka samo daga ruɓaɓɓun abubuwa. Mai karatu da ke jin ana ta maganar mayar da motoci masu amfani da gas tun bayan cire tallafin mai a 2023, ka ga an daɗe da gwada abin a filin tsere.

A Ingila gasar Clio ta fara a 1991, ta zama matakala zuwa babbar gasar ƙasar ta motocin kan titi. Ashley Sutton ya ci gasar Clio a 2015, bayan shekara biyu kacal ya zama zakaran babbar gasar, ya sake ci a 2020, 2021 da 2023. Kamfanin SEAT na Sifaniya shi kuma ya fito da wata dabara a 2003: duk wanda ya ci gasarsa ta motar Leon, kyautarsa ita ce aiki a ƙungiyar kamfanin. Rob Huff ne ya ci a shekarar farko, ya samu aikin, kuma a 2012 ya zama zakaran duniya a gasar motocin kan titi.

Japan ta kawo nata salon. A 2000 Toyota ya fara gasar ƙaramar motarsa Vitz, wadda a wasu ƙasashe ake kira Yaris. Motocin gasar suna da lambar rajista kamar kowace mota. Direba zai tuƙo abarsa daga gida, ya yi tsere, a duba lafiyarta, ya tuƙa ta ya koma gida. Ma'aikacin ofis ko bakanike na iya shiga ba sai ya mallaki babbar motar ɗaukar mota ba.

Makarantar zakarun rali

Akwai wani nau'in tsere da ake kira rali. Shi ba a kewayayyen fili ake yi ba, a hanyoyin ƙauye da daji ake yi bayan an rufe su. Motoci na tashi ɗaya bayan ɗaya, ana auna lokacin kowa, kuma kusa da direba akwai mataimaki mai karanto masa yanayin hanya. A nan ne gasar samfuri ɗaya ta fi nuna amfaninta wajen tono gwanaye.

A Italiya an fara gasar 'yar ƙaramar Autobianchi A112 Abarth a 1977. Attilio Bettega ne ya fara cinta, kamfanin Fiat ya ɗauke shi. A Ingila Richard Burns ya ci gasar Peugeot 205 GTI a 1990, ya zama zakaran rali na duniya a 2001. A Faransa akwai wani saurayi mai aikin wutar lantarki, Sébastien Loeb, wanda ya ci gasar Citroën Saxo a 1999. Shi ne ya zo ya ci kambun duniya sau tara a jere, daga 2004 zuwa 2012. Wanda ya gaje shi, Sébastien Ogier, ya koyi kanikanci kuma yana koyar da wasan zamiya a kan ƙanƙara. Ya ci gasar Peugeot 206 a 2007, sannan ya riƙe kambun duniya shekara shida a jere, daga 2013 zuwa 2018.

Ka lura da abu guda. Mai gyaran wuta da bakanike ba za su taɓa iya sayen motar rali ta manya ba. Da a ce sai da ita ake nuna kai, da duniya ba ta san su ba. Abin da ya fito da su shi ne an sa su cikin mota ɗaya da sa'o'insu, agogo ya yi hukunci. Hukumar wasannin motoci ta duniya, FIA, ta ga amfanin haka. A 2011 ta mayar da gasar matasa ta rali ta zama ta Ford Fiesta zalla, kamfani ɗaya ne ke shirya dukkan motocin. Craig Breen ɗan Ireland ya ci a 2011, Elfyn Evans ɗan Wales ya ci a 2012, dukansu kuma suka kai gasar manya.

A nahiyarmu

Afirka ta Kudu ce ta fi rungumar wannan tsari. Volkswagen na da masana'anta a garin Uitenhage, wanda yanzu ake kira Kariega, inda ake haɗa Polo. A 1997 aka fara gasar Polo ta ƙasar, ana zagaya filaye irin su Kyalami da Zwartkops da Killarney. Kelvin van der Linde ya ci ta a 2012 yana ɗan shekara 16, a shekara ta gaba ya je Jamus ya ci gasar Scirocco. Ƙanensa Sheldon ya ci gasar Polo a 2014, kuma a 2022 ya zama zakaran DTM, babbar gasar Jamus. Daga gabashin Afirka kuma, McRae Kimathi ɗan Kenya ya shiga gasar matasa ta rali ta duniya a 2022 cikin Fiesta.

Yammacin Afirka ma na da labarin da ya shafi waɗannan ƙananan motoci. A 1989, a ralin Kwaddebuwa, wanda ke cikin jerin gasar duniya, wani Bafaranshe mai suna Alain Oreille ya zo na ɗaya da Renault 5 GT Turbo ta ajin da ba a yarda a yi wa mota manyan canje-canje ba. Hanyoyin laka da ramuka da zafi sun karya motoci da yawa, ita ƙaramar ta kai ƙarshe. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Yaya ake tabbatar da motocin ɗaya ne?

A nan aikin yake. Faɗar "mota iri ɗaya" abu ne mai sauƙi, tabbatar da shi kuma sai da doka da ma'auni.

Na farko, hatimi. Ana zura waya ta cikin ƙusoshin injin da akwatin giya, a danne ta da hatimi mai lamba. In ka buɗe injin sai hatimin ya karye, in ya karye an kore ka. Na biyu, sikeli. Ana auna mota tare da direbanta bayan tsere. Siririn direba sai a ɗaura masa ƙarin ƙarfe a ƙasan mota, don kada ya ci ribar ramarsa. Na uku, taya da mai. Kamfani ɗaya ne ke kawo taya, ana ƙayyade yawan da kowa zai yi amfani da shi, kuma ana ɗibar mai daga tanki a gwada. Na huɗu, kwamfutar injin. A motocin zamani ita ke tsara yawan mai da lokacin tartsatsin fulogi, saboda haka ana kulle ta, kuma alƙalai na iya sauke bayananta su duba. A wasu gasanni ma kamfanin ne ke ajiye dukkan motocin a garejinsa, direba sai dai ya zo da hular kwanonsa.

Duk da haka, kada ka ɗauka an kai ga cikakken daidaito. Sayi babur biyu samfuri ɗaya, rana ɗaya, a shago ɗaya, za ka ga ɗaya ya ɗan fi ɗaya ja. Dalili shi ne babu masana'antar da ke fitar da fistin biyu masu nauyi ɗaya cif. Akwai ɗan sararin kuskure da aka yarda da shi. Ƙungiya mai kuɗi, inda doka ta bar ƙofa, na iya sayen kaya da yawa ta auna ta zaɓi waɗanda suka fi dacewa da juna. Tana iya biyan kuɗin kwanakin atisaye, ta ɗauki injiniya mai karanta bayanan mota. Kuɗi bai fita daga wasan ba, an dai rage masa ƙarfi. Shi ya sa ba a yanke hukunci da tsere ɗaya, sai an tara maki na kaka guda a filaye daban-daban. Gonar gwaji ma haka take, ana maimaita ta a wurare da yawa da damina fiye da ɗaya kafin a ce iri kaza ya fi.

Mutanen Finland da Sweden suna da wata dabara a tserensu na tsofaffin motoci, ko da yake nasu ba samfuri ɗaya ba ne. An yanke wa kowace mota farashi ɗaya, kuma bayan tsere duk mai so na iya neman sayen motarka a wannan farashi. In ka ƙi sayarwa, ka rasa lasisinka. To wa zai zuba dukiya a motar da za a iya karɓewa da araha?

Idan mota ɗaya ce, ina gwani ke samun rata?

Amsar tana wurin da taya ke taɓa ƙasa. Kowace taya, abin da ke taɓa kwalta a jikinta bai wuce faɗin tafin hannunka ba. Duk abin da mota ke yi, ja da birki da cin kwana, ta waɗannan tafuka huɗu yake bi. Kuma riƙon da taya ke da shi ƙayyadadde ne, kamar kuɗin cefane. In ka kashe shi duka a birki, babu saura na kwana.

Ka tuna mun ce tayoyin gaba ne ke jan waɗannan motoci. Ke nan su ke ja, su ke juya mota, su ke ɗaukar mafi yawan birki. Idan direba ya shiga kwana da gudu fiye da kima, ko ya yi saurin taka totur, sai tayoyin gaba su gaza. Ya murɗa sitiyari, mota ta ƙi juyawa, ta miƙe. Idan kuma ya ɗaga ƙafa daga totur farat ɗaya a tsakiyar kwana, nauyi ya koma gaba, baya ya yi sakayau, sai gindin motar ya zame. Gwani shi ne wanda ya san iyakar nan, yake tafiya a bakinta bai faɗa ba. Yana sakin birki a hankali yayin da yake murɗa sitiyari, yana jira mota ta daidaita kafin ya ba ta wuta. In ka kalli hoton tseren Clio ko Polo za ka ga tayar baya ta cikin kwana ta ɗaga sama, mota na tafiya a kan uku. Ba matsala ba ce, nauyi ne ya koma kan sauran.

Sai iska. Turjiyar iska tana ƙaruwa ne daidai da ninkin gudu idan an ninka shi da kansa, wato in ka ninka gudu sau biyu, turjiyar ta ninka sau huɗu. Motar da ke gaba ita ke fasa iska, ta bayanta na samun sauƙi, sai ta matso ta fito ta wuce. Da yake ƙarfin injin ɗaya ne, da wuya wani ya tsere wa sauran, shi ya sa za ka ga motoci goma a manne da juna kamar jerin gwano. A gudun kilomita 150 a awa, kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa daidai yake da mita huɗu, tsawon mota guda ke nan. Kuskure ƙanƙani sai ya mayar da na uku na goma.

Abin da ya shafe mu

A 1975, shekarar da Renault 5 ta shiga gasa a Faransa, a shekarar ce masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa 504, Volkswagen ma ya buɗe tasa a Legas. Muna da tarihin mota, muna da makanikai masu hannu da za su iya sauke injin Golf su mayar a yini guda, muna da kasuwannin kayan gyara a Kano da Kaduna. Akwai kuma ralin motoci da ake haɗawa da bikin kamun kifi na Argungu. A 2020 hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, ƙarƙashin Jelani Aliyu ɗan Sakkwato, ta shirya shi da motocin da aka haɗa a Najeriya. Amma gasar samfuri ɗaya mai doka da hatimi ba ta yi saiwa a Arewa ba.

Abin da ya yi saiwa shi ne wasan mota a bikin aure, da rige-rigen direbobi a kan titin da kowa ke bi. Sha'awar iri ɗaya ce da ta matasan Faransa na 1966. Bambancin shi ne inda aka zuba ta. Motar gasa an cire mata kujerun fasinja, an yi mata walda da kejin bututun ƙarfe a ciki don kada rufi ya danne direba in ta kife. Direba na ɗaure da bel mai hannu shida, da hular kwano, da rigar da wuta ba ta saurin ci. Kowa gefe ɗaya ya nufa, babu tirela mai tahowa, babu yaro mai tsallaka titi, babu shanu. A bakin kowace kwana akwai ma'aikata masu tuta da abin kashe gobara, ga motar asibiti a tsaye. Duk da wannan shiri, haɗari bai kau ba. Bettega da muka ambata ya rasu a ralin tsibirin Kosika a 1985. To ina ga wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan kariya, ga mutum bakwai ko takwas a motarsa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya asara. Kimiyyar da direban gasa ke amfani da ita ya ci kofi, ita ce dai ke aiki a kan Golf ɗin da za ka shiga ranar kasuwa. Ga abu uku da za ka iya dubawa da idonka.

Lodi. Idan aka danƙara buhuna a but har ƙofar baya ta ƙi rufuwa, gindin mota ya zauna, gabanta ya ɗaga, to tayoyin da ke juya motar da tsayar da ita su ne aka rage wa riƙo. Ga ƙarin nauyi da birki zai yi fama da shi. A miƙaƙƙiyar hanya ba za ka ji komai ba, sai an zo kwana ko akuya ta faɗo titi.

Taya. A gefen kowace taya akwai jerin rubutu da ke ƙarewa da lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba na tsufa ko da zanenta bai cinye ba, kuma zafi irin namu na hanzarta tsufan. Masu gasa na auna iskar tayarsu kafin kowane fita, domin sun san rayuwarsu a kanta take.

Gudu. Ƙarfin da mota ke ɗauke da shi shi ma ninkin gudu yake bi. Motar da ke kilomita 120 a awa tana ɗauke da ninki huɗu na ƙarfin mai tafiya 60, kuma tazarar da take buƙata birki ya tsayar da ita ninki huɗu ce, ba biyu ba. A kilomita 100 a awa, kowace daƙiƙa mota na cin mita 28. Kafin direba ya ga rami ya kai ƙafarsa kan birki, ta riga ta shafe wannan tazara ko fiye.

Idan wata rana wata jiha ko ƙungiyar direbobi da makanikai ta so ta ba matasa filin nuna gwaninta, ba sai ta ƙirƙiro sabon abu ba. Tarihin nan ya riga ya nuna abin da ake buƙata: rufaffen fili nesa da jama'a, mota samfuri ɗaya mai arha da kayan gyara, kejin ƙarfe da bel da hular kwano, alƙalai masu sikeli da hatimi, da likita a kusa. A nan ne za a san wanda ya iya da wanda motarsa ce ke rufa masa asiri. Kafin a kai ga haka, in direban da ka shiga motarsa ya fara rige-rige da wani a hanyar Funtuwa, kana da damar ce masa: "Malam direba, don Allah a sassauta." Kai ma da ranka a cikin motar.